Waken Rumfar Kaka Mordekai

Kakana Mordekai ya rasu a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa. Da safe ya sha kununsa, ya yi mani tsiyar da ya saba, wai na cika tsamiya ne don in kashe shi in gaji kekensa. Na tafi lacca ina dariya. Kafin in dawo an shimfiɗe shi a ɗaki an rufe. Anti Scholastica, 'yarsa da ke riƙe da gidan, ta ce a kan kujerarsa ta ƙarƙashin rumfa ta same shi, hularsa a kan gwiwa. Ta ɗauka gyangyaɗi yake, har ta yi masa faɗan kwanciya a cikin rana.

Tun da na samu gurbin karatu a jami'a iyayena suka turo ni daga Kafanchan zuwa gidansa a Hayin Dogo, cikin Samaru. Sunana Keziya, amma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Uwargida yake ce mani, ni kuma in ce masa Maigida, kamar yadda jika da kaka suka saba. In na dawo a makare ya ce zai sake ni. In ce masa ya yi sauri, dama na gaji da miji marar haƙora. Ya yi ta dariya har tari ya kama shi, in miƙa masa ruwa.

Rumfar nan da ya rasu a ƙarƙashinta ba wata abar kallo ba ce da rani. Ginshiƙai ne na itace da 'yan sanduna a sama, sai wata tsohuwar zana da ya ɗora don rage rana. Amma da damina ba za ka gane ta ba. Wake yake shukawa a gindin kowane ginshiƙi, waken rumfa mai yaɗo, ya hau ya lulluɓe ta ruf, har inuwarta ta fi ɗaki sanyi. Ƙwayar waken faffaɗa ce kamar farcen babban yatsa, fara mai zanen ja. Ban taɓa ganin irinta a wata kasuwa ba.

Mahaifiyarsa ce ta ƙulle masa irin a bakin tsumma ranar da zai bar ƙauyensu a can wajen Kachia, yana saurayi, ya zo neman aikin lebura a gonar bincike ta Samaru. Bai sake ganinta ba, yana nan ta rasu. Ya yi aiki a cikin iri kala-kala na Turawa da na masana har ya yi ritaya, amma a gidansa wannan waken kaɗai ya yarda da shi. Kowace kaka yakan zaɓi manyan ƙwayoyi ya shanya, ya tankaɗe toka ya cakuɗa su don kada ƙwari su shiga, ya zuba a wani baƙin tulu, ya liƙe bakin da laka. Sauran mu ci har ya ƙare. Tulun kuwa ya zauna a lungun sito, kowa a gidan ya san ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi.

In ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, sai ya fasa lakar. Ya shuka nasa, duk wanda ya roƙa kuma ya damƙa masa. Yana da doka ɗaya. Da mutum ya buɗe baki zai ce na gode, sai ya ɗaga hannu.

"Ba a godiya a kan iri," in ji shi. "In ka gode mashi sai ya ji kunya ya ƙi fitowa. Ka je ka shuka. In ya yi 'ya'ya ka ba wani."

Na sha tambayarsa a wane littafi ya karanta wannan. Sai ya ce littafin da ba a koyarwa a jami'armu.

A ranin nan na ƙarshe gwiwoyinsa sun matsa masa. Wata rana da yamma ya dube ni ya ce, "Bana ke za ki shuka, Uwargida. Ni sai dai in zauna in ba da umarni kamar Bature." Na ce masa na ji, amma sai ya biya ni lada. Ya nuna mani zurfin ramin da yatsarsa, ya nuna mani gefen ginshiƙin da rana ke fara bugawa. Da ya rasu, wannan maganar ce na riƙe. Duk lokacin da kuka ya taso mani nakan gaya wa kaina cewa akwai aikin da ya bar mani, kuma ruwa ya kusa.

A wajenmu, gidan da aka yi rashi ba ya hura wuta. Matan zumunta na majami'a su ke karɓe madafa, su dafa wa baƙi, masu gida su zauna karɓar gaisuwa. Ba a rufe yini da rasuwar ba sai ga Mama Akunna daga unguwar Jushi, a kan acaɓa, da ƙatuwar tukunya a cinyarta, wani acaɓan na biye da ita da sauran kaya. Ita ba 'yar majami'armu ba ce, amma ba wanda ya isa ya tuna mata. Matar marigayi Nwankwo ce, aminin Kaka. Shekara da shekaru kowace Asabar Kaka ya hau kekensa ya gangara Sabon Gari, su zauna a bayan shagon ƙirar Nwankwo a Chikaji suna dara suna zagin juna, har mutuwa ta raba su. Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Sabo. Mace ce mai jiki da murya, Hausarta kuwa ta fi ta wasu 'yan gari, don da ita take faɗa da 'yan kamasho.

Ta shigo ta rungume Anti, ta yi kukanta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ta fyace hanci da bakin zani, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta faɗa madafa. Daga nan sai muryarta ake ji tana ba da oda.

Ni abinci ya gagare ni. Aka yi sujada, matan zumunta suka buga tulunansu na kiɗa suka rera waƙoƙin da Kaka yake so, aka kai shi aka dawo, ban sa komai a baki ba sai ruwa. Ba na ma kuka, sai dai in zauna ina kallon kujerarsa. Washegarin jana'iza Mama Akunna ta same ni a bakin ƙofa, ta dire faranti a gabana, ta zauna a kan turmi.

"Matar Baba, ki ci."

"Mama, ba na jin yunwa."

"Ban tambaye ki ba. In kin mutu wa zai yi mashi takaba? Buɗe."

Alale ne a ƙunshe cikin ganye, da zafinsa, ya sha manja da kifi. Na gutsura don ta ƙyale ni. Sai na ji wani garɗi da na sani, mai ɗan zaƙi a ƙarshen harshe, wanda ban iya tuna inda na san shi ba. Na cinye ƙunshin, ta buɗe mani wani, na cinye, ta ƙara buɗewa. A tsakiyar haka kukan da ya ƙi zuwa ya zo mani gaba ɗaya. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta mai warin hayaƙi, ta bar ni na yi har na gaji. Duk zaman makokin nan ba wanda ya yi mani alherin da ya kai wannan.

Baƙi suka watse, iyayena suka koma Kafanchan. Wata rana da la'asar na ga hadari ya ɗan haɗo ta gabas, iska ta kawo ƙanshin ƙasa daga nesa. Na ce bari in duba tulun. Na shiga sito na tarar an share shi tsaf, an jera komai. Tulun yana nan a lungunsa, amma a kife, an wanke shi fes.

Na ɗauko shi na fito tsakar gida. Anti Scholastica na gyaran takardun 'yan ajinta. Da ta ɗago ta ga abin da ke hannuna, biron ya faɗi daga hannunta.

"Wayyo Allah," ta ce a hankali. "Alalen nan."

A rikicin kwanakin nan ba ta lura ba. Wake ya yanke wa masu girki, Mama Akunna ta shiga sito neman abin da za a ƙara, ta ga tulu a liƙe ta fasa. Ta gane waken, don mijinta yakan kawo mata shi a hula daga Chikaji ta yi masa alale. Ta yi murna, ta ce bari masu gaisuwa su ci daga gumin Baba. Ita 'yar kasuwa ce tun tasowarta, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san waken da aka liƙe wa baki da laka ba na ci ba ne. Ta tankaɗe tokar tana mitar ajiyar tsofaffi, ta jiƙa, ta surfe, ta aika inji. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba.

Na zauna a ƙasa da tulun a cinyata. Haushi ya cika ni, amma na rasa wanda zan ji wa. Matar da ta bar kasuwarta ta zo ta yi ta shan hayaƙi dominmu? Ko ni da na fi kowa cin alalen? Rashin sani ya fi dare duhu. Ranar na ji Kaka ya sake mutuwa, wannan karon kuma ba wanda zai zo mani gaisuwa.

Na roƙi Anti kada ta gaya mata. Daga nan na shiga nema. Na ce ai mutumin da ya yi shekaru yana rabon iri, ba za a rasa shi a gidan wani ba. Ashe mutane karɓa suke yi don su faranta wa tsoho. Matar fasto ta ce ta shuka sau ɗaya awaki suka cinye. Maƙwabcinmu ya sosa ƙeya ya ce yara sun dafa. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce tun da ya simince tsakar gidansa bai ƙara shuka komai ba. Kawu Elias ya je ƙauye kai labarin rasuwa ga dangi, na haɗa shi da Allah ya tambayo mani. Ya dawo ya ce can kowa ya koma citta da masara, tsofaffin da suka san waken duk sun kwanta dama. Na zaga kasuwar Samaru, na zaga ta Sabo, ina kwatance da farcena. Masu wake suka yi ta zuba mani kala-kala a tafin hannu, kowa na rantsuwa nasa ne nake nema. A kasuwar Sabo nakan zagaye layin 'yan kifi, don ban san da wane ido zan dubi Mama Akunna ba.

Anti ta gaji da ganina a haka. Ta ce, "Keziya, Baba ya tafi, ba wake ne zai dawo da shi ba. Rumfar nan in ba abin da zai rufe ta, ruwa zai ruɓar da itacen. Na yi magana da kafinta, zai zo ya buga mata kwano."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi mani zafi. Na san ran da aka buga kwanon nan, shi ke nan. Za a samu inuwa, amma ba tasa ba. Aka kawo kwanukan aka jingine su a bango suna walƙiya, kafinta ya ce sai ya gama wani aiki a unguwar Jama'a.

Bakin Anti kuwa ba ya riƙe magana. Ta je Jushi mayar da tukwane da yin ban gajiya, hira ta yi hira, ta saki zancen. Ta dawo tana kame-kame, ta ce Mama Akunna ba ta ce komai ba, ta dai ajiye abin da ke hannunta ta zauna. Wanda ya san Mama Akunna ya san shirunta ba ƙaramin abu ba ne. Bayan 'yan kwanaki ta kira wayar Anti daga wajen masu wayar kuɗi na ƙarƙashin lema, ta ce a gaya wa matar Baba ta same ta a gida ran Asabar da safe.

Na hau bas daga Samaru, muka ratsa Kwangila, na sauka na ƙarasa Jushi da acaɓa. Na same ta a ƙofar gida a shirye, ta ɗaura zaninta mai kyau na zuwa majami'a, ranar Asabar, ranar da kasuwa ta fi ci. Idanunta sun kumbura. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma kawo zancen alale ba.

"Tashi mu je," ta ce.

Muka kama hanya a ƙasa, tana gaba ina biye. Sai da na fara jin ƙarar guduma da warin baƙin mai na gane Chikaji muka nufa. Da muka kusa wata kwana ta rage tafiya, ta tsaya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Tun ran da aka ɗauko Papa Iyke daga shagon nan ban ƙara bin hanyar nan ba," ta ce, haka take kiran mijinta da sunan ɗansu na fari. "Ko kasuwa za ni sai in zagaya. Amma na kwanta na yi ta tunani, waken da yake kawo mani a hula, ashe ba daga Samaru yake zuwa ba duka. Baba ya shuka mashi a bayan shago, wai don su samu inuwar dara. Ban san ko yana nan ba. In babu, ki yi mani abin da kika ga dama."

Ta ja numfashi ta sha kwanar.

Shagon yanzu na wani mai walda ne, Abiodun. Ya cire baƙin tabarau ya gaishe ta da ladabi, ya ce mu shiga, amma bayan nan ba komai sai tarkace. Wata ciyawa ce dai mai naci, in ji shi, kowace damina ta fito ta naɗe masa ƙarafa, ya sare ta, baɗi ta dawo.

Mama Akunna ta dube ni, na dube ta.

Bayan shagon juji ne na tsofaffin ƙarafa, da gangar jikin wata mota da ta daɗe da mutuwa, da shingen kwano mai tsatsa. A jikin shingen da kan motar busasshen yaɗo ne ya cukuikuye, launin toka, in ka taɓa ya karye. Na kai hannu na ciro kwanso ɗaya. Faffaɗa ne, mai ɗan lanƙwasa, irin wanda na yi shekaru ina ɓarewa a kan tabarmar Kaka. Amma ya riga ya fashe, ba komai a ciki. Na ciro wani, shi ma haka. Rana ta daɗe da fasa su, abin da ya zube kuma ɓeraye da kaji sun yi rabonsu.

Ban ankara ba sai na ga Mama Akunna ta zube gwiwa biyu a cikin baƙar ƙasar nan mai mai, da zaninta na majami'a. Ta cusa hannu ƙarƙashin motar tana tono da yatsu. Na ce, "Mama, kunama." Ta ce kunamar ta zo, dama tana neman wanda za ta huce a kansa. Na durƙusa kusa da ita. Muka yi ta yaye ganye da ɓawo, muna ɗaga guntayen ƙarfe, rana na dukan bayanmu. Muka samu ƙwayoyi, amma yawanci ƙwari sun huda su, in ka matsa sai gari. Duk wadda ta samu sai ta goge a zani ta ɗaga wa rana ta duba, kamar mai sayen gwal. Mai rami ta yar, mai lafiya ta jefa a bakin zaninta.

A jikin shingen, inda kwano biyu suka haɗu, ta hango wasu kwansuna da suka maƙale a inuwa ba su fashe ba. Ta zura hannu, kwanon ya yanke ta, ba ta ko duba ba. Ta ɓare su a tafinta. Farare ne tas, da zanen ja.

A nan ta zauna dirshan a kan wata tsohuwar taya, ta dubi wani dakali da ciyawa ta kusa binnewa. Akwai 'yan ramukan dara a jikin simintin har yanzu.

"A nan suke zama," ta ce. "Ka ga tsofaffi biyu, kowa na cewa ɗan'uwansa ɓarawo ne."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta muka yi tare, ita tana kukan nata ni ina kukan nawa, Abiodun ya kashe injinsa ya ba mu wuri.

Da muka natsu ta kwance bakin zaninta, ta kamo hannuna ta juye mani. Duka-duka ba su cika tafi ɗaya ba. Na dube su, na dubi yatsarta mai jini da zanin da ba zai ƙara wankuwa ba, zuciyata ta cika.

"Mama," na ce, "na go..."

Ta toshe mani baki da tafin hannunta, mai warin kifi da baƙin mai.

"Kul," ta ce. "Ba a godiya a kan iri. Haka Baba ya gaya ma Papa Iyke a nan wurin, ina tsaye da kwanon abinci. Ki je ki shuka."

Tun ran da Kaka ya rasu ban ji muryarsa ba sai lokacin.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a satin da ya biyo. Na shuka a gindin kowane ginshiƙi, zurfin yatsa, ta gefen da rana ke fara bugawa. Da kafinta ya zo, Anti Scholastica ta fita ta same shi a ƙofa ta ce ya kai kwanukan ya rufe mata ɗakin kaji. Ba duka ƙwayoyin da na shuka suka fito ba. Ginshiƙi ɗaya ya ƙare daminar a tsirara, rumfar kuma ba ta rufu kamar da ba, rana na leƙowa ta ko'ina. Amma na mayar da kujerar Kaka ƙarƙashinta, a nan na yi karatun jarabawata.

Da kaka ta yi ba mu ci ko ƙwaya ba. Na shanya, na tankaɗe toka, na wanke baƙin tulun. Kafin in liƙe bakinsa na ɗebi cikin hannu na ƙulle a tsumma, na hau bas zuwa Sabo. Na sami Mama Akunna a rumfarta ta kifi tana ciniki da wata mata. Na miƙa mata ƙullin. Ta kwance ta duba, ta daɗe tana dubawa. Leɓenta ya motsa kamar za ta yi godiya, ta cije shi. Ta ƙulle ta tura a cikin lalitarta, ta juya ta ci gaba da cinikinta.